Wasiƙa Ta Goma Sha Bakwai

A Wendleford gida ba ya tsufa, sai dai ya zama mai tarihi. In rufi yana yoyo, taga tana shigo da iska, bututun ruwa yana gurnani kowace safiya, dillali zai zo da takalminsa mai tsini ya leƙa nan ya leƙa can, ya rubuta a takardar talla cewa ginin zamanin Sarauniya Biktoriya ne kuma ba a taɓa masa komai ba. Gaskiya ya faɗa, don da an taɓa shi da bai yi yoyo ba. Ranar Asabar sai ka ga mutanen Landan sun sauko daga jirgin ƙasa da 'ya'yansu, suna shafa ƙofofi suna lumshe ido kamar masu ɗanɗana miya. Abin da suke saye a zahiri shi ne minti arba'in ɗin da ke tsakanin tasharmu da ofisoshinsu, amma ba mai faɗin haka a gaban mutane.

A irin wannan gida Gordon Tapsell yake zaune shi kaɗai, a Titin Glebe. Hawa uku ne, ɗakunan kwana shida, da lambu mai tsawo da ya gangara har ya kusa taɓa layin dogo. Shekarunsa tamanin da ɗaya. Matarsa Sheila ta rasu shekara shida da suka wuce, ɗansa Adrian yana can Aberdeen, idonsa kuma ya dushe a tsakiya ya bar masa gefe-gefe. Yana iya gano butar shayi in ya karkata kai, amma rubutu sai an karanta masa.

Mai karanta masa ita ce Beryl Hatchard, wadda shinge ɗaya ya raba gidanta da nasa shekara arba'in da ɗaya ke nan. Kowace Alhamis da ƙarfe uku takan sa rigar sanyinta ta fita, ta zagayo ta ƙofar gaba, don ita ba mai tsallake shinge ba ce, ta zauna a teburin kicin ɗinsa. Shi ya dafa shayi ya jera biskit mai citta a faranti, ita ta buɗe wasiƙun mako ɗaya bayan ɗaya ta karanta. Wadda ke son amsa, ya faɗa ta rubuta. Shekara talatin ta yi tana sakatariya a ofishin lauya, kuma har gobe ba ta yarda akwai wanda ya kai ta iya tsara jimla a garin nan ba. Mijinta ya mutu, ba su haihu ba, ƙanwarta ɗaya tilo ita ma ta riga mu gidan gaskiya. In an cire likita, Gordon ne kaɗai mutumin da zai lura in Beryl ba ta ɗaga labulenta da safe ba. Ta san haka sarai, kuma ba abin da take tsoro a duniya kamar ta rasa Alhamis ɗin nan.

A watan Maris Gordon ya faɗo daga matattakala karo na biyu. Adrian ya taso takanas ya zaunar da shi, ya ce magana biyu ce: ko dai a samar masa wurin zama marar matattakala a nan garin, ko ya tattara ya bi shi Aberdeen kafin Kirsimeti. Gordon ya zaɓi ta farko, ya kuma yi mata dabara. Zai sayar wa wani ƙaramin magini rabin lambun na ƙasa, a gina 'yan gidaje huɗu, ɗaya daga ciki ɗan ƙwarya-ƙwarya marar bene ya zama nasa. Babban gidan kuma a sayar wa masu iyali, su zo su yi ta fama da yoyon.

Ya gaya wa Beryl duk wannan a kan shayi, bai ɓoye mata ko kalma ba, har da maganar Aberdeen. Ya tura mata naɗaɗɗen zanen ginin ya ce ta duba. Ta warware shi, ta zuba masa ido ba tare da ta ga komai ba, ta naɗe.

"Madalla, Gordon," ta ce. "Ai wannan tunani ne mai kyau ƙwarai."

Da ta koma gida ta hau sama ta tsaya a tagar ɗakinta. Shekara arba'in da ɗaya tana kallon lambun nan kyauta, ba ta taɓa cire masa ciyawa ko tsinke ɗaya ba, amma haushin da ya turnuƙe ta ka ce gadon ubanta za a yanka. Haka muke a garin nan. Ba ma ce wa mutum a'a a kan idonsa, wannan rashin tarbiyya ne. Mukan ce madalla, mu gode da shayi, mu koma gida mu nemi takarda.

Ba a yi sati biyu ba majalisar gari ta ɗaura sanarwarta mai ruwan ɗorawa a jikin fitilar titi, cewa duk mai ƙorafi a kan ginin yana da kwana ashirin da ɗaya ya rubuto. Washegari Misis Penelope Ashdown ta ƙwanƙwasa ƙofar Beryl, riƙe da kek. Ita ce shugabar Ƙungiyar Kare Martabar Wendleford. Shekara goma sha tara da zuwanta daga Landan, gidanta kuma an gina shi ne a kan gonar da Beryl take tsintar 'ya'yan itace tana yarinya, amma in tana maganar tsohon garinmu sai ka ɗauka kakanta ne ya haƙa rijiyar farko. A duk shekarun nan gaisuwarta da Beryl ba ta wuce ɗaga gira a bakin coci ba. Yanzu ga ta da kek, tana cewa lallai Beryl ta zo taronsu ranar Talata.

Beryl ta je, har da gyaran gashi. Aka zaunar da ita a farar kujerar da take hangowa ta taga shekara da shekaru, aka ba ta shayi a kofi mai bakin zinare. Mutum tara ne a falon, kowannensu gidansa a kan gonar wani yake, kowannensu kuma ya haƙiƙance cewa daga kansa ya kamata a rufe ƙofa. Suka yi maganar inda za a ajiye motoci, suka yi ta kwata. Wani tsohon ma'aikacin banki mai suna Clive ya ba da rahoton cewa kwana uku yana gadin lambun ta bayan layin dogo ko zai ga jemage, don in akwai jemage doka ta hana gini, amma bai dace ba tukuna. Ba wanda ya ce ba ya son masu ƙananan gidaje a layin. Abin da ake cewa shi ne yanayin unguwa, kuma kowa ya gane.

Can Penelope ta juyo ta dafa gwiwar Beryl, ta kashe murya.

"Beryl, mu namu duk maganar mota ce da kwata, kuma sun saba jin wannan. Ke ce kika san gidan ciki da waje. Muna son wasiƙar da za ta taɓa zuciya. An ce mini duk garin nan ba mai alƙalaminki."

Beryl ta ɗan yi kame-kame, ta tambaya ko mai gidan zai san wanda ya rubuta. Penelope ta kaɗa hannu ta ce don Allah wa yake da lokacin karanta irin waɗannan takardu, ai a aljihun tebur suke ƙarewa. Da wannan kaɗa hannun da ɗan yabon nan aka saye matar da ta yi shekara talatin tana gaya wa mutane kada su sa hannu a kan abin da ba su karanta ba.

A hanyar gida ta shirya wa kanta hujja. In aka hana ginin, Gordon zai ci gaba da zama a gidansa kamar kullum, maganar Aberdeen barazana ce kawai irin ta 'ya'yan zamani. Ke nan taimakonsa za ta yi. Ta maimaita wa kanta wannan har ta isa ƙofa, kuma ta kusa yarda.

Akwai abin da ta sani wanda ba a sani ba. Bayan an ƙona gawar Sheila kamar yadda ta bar wasiyya, wata safiya a watan Oktoba, mutum uku suka gangara ƙarshen lambun suka binne tokar a gindin bishiyar tuffa: Gordon, da Adrian, da Beryl. Gordon ya roƙe su abin ya tsaya a tsakaninsu, don Sheila ba ta son hayaniya, kuma fada, limamin cocin garin, zai ji ba daɗi in ya ji ba a kawo ta harabar coci ba. Shekara shida Beryl tana riƙe da wannan amana. Yanzu ta fito da tsohuwar tafiretarta ta sa takarda.

Sau uku ta sake rubutun, kuma kowane ya fi na baya kaifi. Ta ji daɗin aikin, wannan shi ne abin kunyar. Da ta gama ta karanta wa kanta a tsaye, ta gyaɗa kai. Ta rubuta SIRRI da jan biro a bayan ambulan, ta ja masa layi biyu, ta kai akwatin wasiƙu na kusurwa. A can ƙasan sanarwar majalisa, da ƙananan haruffa, an rubuta cewa duk wasiƙar da aka aiko za a sa ta a intanet da suna da adireshin mai ita don kowa ya gani. Beryl ta wuce fitilar nan ya fi sau ashirin ba ta sunkuya ba. Kwamfuta kuwa ba ta da ita, kuma tana alfahari da hakan.

Alhamis biyu ta je ta sha shayinsa, ta ci biskit ɗinsa, har ta tambaye shi yaya maganar izinin gini, ta yi masa fatan alheri.

Ran Alhamis ta uku ta tarar da ƙaton ambulan mai ruwan ƙasa a kan teburin, da rubutun Adrian a bayansa. Gordon ya ce takardun ƙorafin ne, Adrian ya sauko da su daga intanet ya buga ya aiko, guda ashirin da uku. Ya zuba mata shayi, ya tsaya daidai bakin kofin kamar yadda ya saba yi da kunne.

"Karanto mana mu ji masoyana," ya ce.

Ta zaro takardun. A saman ta farko ta ga suna da adireshi baro-baro, sa hannun kawai aka goge da baƙi. Gabanta ya faɗi. Amma muryarta ba ta nuna ba, don muryar nan an hore ta tun tana budurwa. Ta karanta sunan, ta karanta wasiƙar.

Gordon kuwa nishaɗi yake ta yi. Da aka zo ta Penelope, mai shafi uku a kan tsohuwar martabar Titin Glebe, ya ce ai ya tuna ranar da ta iso tana tambaya ina ne Titin Glebe ɗin. Da aka zo ta Clive, wanda ya rubuta cewa ko da yake bai ga jemage ba yana da yaƙinin wurin ya dace da jemagu, Gordon ya yi dariya har ya ƙware, ya ce a gaya masa ya zo ya rataya a bishiyar da kansa, ba wanda zai gane bambanci. Beryl ta taya shi da dariyar yaƙe. Duk shafin da ta juya sai ta leƙa na ƙasansa. Ta fara roƙo a ranta ko jan biron nan ya yi aiki, ko an sami mai hankali a ofishin ya ware tata gefe.

Ita ce ta goma sha bakwai. Haruffan tafiretarta ne, da sunanta da lambar gidanta a sama. Har kalmar SIRRI wani ya kwafo ya manna a kusurwa, da alama don cika aiki.

Ta ɗaga ta a hankali za ta cusa ta ƙarƙashin waɗanda aka gama.

"Kin haɗa biyu," in ji Gordon. "Na ji ƙarar takarda."

Ta ce ai kuwa, sun manne ne. Ta ce wannan ba suna a jikinta, an goge duka. Ya ce ba komai, ta karanta haka nan.

Ta karanta sakin layi na farko, na motoci da ƙuncin titi. Ta karanta na biyu, inda marubuciyar ta ce ta san mai neman izinin shekara da shekaru kuma tana girmama shi, sai dai tsufa ya ci ƙarfinsa, ɗansa ne yake juya shi daga nesa saboda kwaɗayi. A nan muryarta ta ɗan sauka. Da ta zo na uku ta tsallake shi gaba ɗaya, ta dira a kan gaisuwar ƙarshe, ta kife takardar.

Gordon ya karkata kai yadda yake yi in yana son ganin mutum da gefen ido.

"Kin tsallake Sheila," ya ce.

 Ya ce Adrian ya karanta masa ita ta waya tun ranar Litinin, sau biyu, don karon farko shi Gordon ya ce ƙarya ne. Ya ce tun Litinin ya san mai ita. Wato da saninsa ya aika aka sayo biskit ɗin nan, da saninsa ya dafa shayin, ya zauna yana ba ta dariya har wasiƙa goma sha shida.

"To me ya sa ka sa ni karantawa?" ta ce.

"So nake in ji a bakinki. Karanta, Beryl. Ba ki taɓa tsallake mini layi ba, ko na likita."

Ta juyo takardar ta karanta. Ta karanta cewa a gindin bishiyar tuffa da ke ƙarshen lambun akwai tokar marigayiya Misis Tapsell, don haka wurin kabari ne ba fili ba. Ta karanta jimlar da ta fi alfahari da ita, wadda ta sake sau uku kafin ta zauna, cewa abin baƙin ciki ne a ce mutum ya yarda a malala kankare a kan matarsa don baƙi su sami wurin ajiye mota. Ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba, don ta haddace ta.

Ya saurara har ƙarshe. Sannan ya tambaye ta ko ta duba zanen ranar da ya ba ta. Ta ce ta duba. Ya ce da ta duba da ta ga ɗan da'irar da ke bakin ƙofar gida na huɗu. Bishiyar ce. Sati uku ya yi yana ja-in-ja da maginin, har aka rage gida guda daga biyar zuwa huɗu, don a bar ta a tsaye a inda zai riƙa fitowa da kujerarsa. Bai faɗa da zafi ba. Da ya yi faɗa ma da ta sami abin riƙewa.

Ta fara cewa ita don kada ya tafi ne, don ta ɗauka in an hana ginin komai zai zauna yadda yake. Ta ce za ta je ofishin gobe da sassafe ta janye ta. Ya ce ba laifi ta je, amma takardar ta yi kwana goma a intanet, fada ma ya bugo waya jiya yana tambaya cikin ladabi. Ya ce akwai sauran shida, ta bar su, ya san abin da ke ciki. Ya laluba aljihun tebur ya fito da takardar rubutu da biro, ya tura mata, ya ce akwai amsa ɗaya da yake so ta tafi yau.

Hannunta ya karɓa kafin ita ta yanke shawara. Ta rubuta kwanan wata a kusurwar dama.

Ya faɗa a hankali, yana jira ta kamo shi, kamar kullum. Zuwa ga Adrian. Ya yi tunani ya ga Adrian ne da gaskiya. A janye takardar neman izini. Babban kamfanin gine-ginen nan da yake ta aiko masa da wasiƙu yana son gida da lambu gaba ɗaya, a ce musu ya amince, abin da za su gina kuma su da majalisa. A shirya masa ɗakin ƙasa na gidan Adrian, ba sai an jira Kirsimeti ba. In Adrian zai taho ya zo da wani mazubi mai murfi, su ɗebi ƙasar gindin tuffar.

Ya ɗan dakata. Beryl tana riƙe da biro a sama, hawaye yana taruwa a haɓarta, tana kauda kai don kada ya ɗiga a takardar.

"Sa wannan," ya ce. "Da ma saboda mutum ɗaya nake ta naci in zauna a layin nan, yanzu kuma ba sauran dalili. Yaya, jimlar ta tsaru? Ke ce gwana, in akwai gyara ki gyara."

Ta ce ta tsaru. Ta rubuta ta yadda ya faɗa, ta sa aya. Ta ɗora yatsansa a inda zai sa hannu, ya sa. Ta ninke takardar gida uku, ta sa a ambulan, ta rubuta adireshin Aberdeen ba tare da ta tambaya ba, ta manna kan sarki.

Ya gode mata ƙwarai da ɗawainiya. Ya ce kada ta damu da kofunan, zai wanke. Ya ce ƙarfe biyar ma'aikatan gidan waya suke kwashe akwatin wasiƙu na kusurwa, in ta ɗaga ƙafa za ta same su.

Ta sa rigar sanyinta ta fita ta ƙofar gaba. Biyar saura kwata ne. Ta same su.